Gurguwar Kurciya

Sana'ata ɗaukar hoto ce, kuma a Talata Mafara duk wanda ya shigo shagona ya san ba da fuskar da ya zo da ita zai fita ba. Mai ƙuraje in share masa su. Mai duhun fata in ƙara masa haske har uwarsa ta yi tantama. Wanda bai taɓa wuce Gusau ba in ajiye shi gaban wani dogon bene na ƙasar Larabawa, hannunsa a kan motar da ko tayarta bai taɓa shafawa ba. Gyara muke kiran wannan aiki, kuma hannuna ya saba da shi har ba na jira a ce in yi.

Mahaifina manomin shinkafa ne a wani ƙauye ta wajen Maradun, inda ruwan Bakalori ke ratsawa. Mutum ne mai murya. In ya daka wa tsuntsaye tsawa a gonarsa, har na gonar maƙwabci tashi suke yi. Da hawan jini ya kayar da shi, ciwon ya shanye masa ɓarin dama, ya karkatar da bakinsa. Muka ɗauko shi zuwa gidana, na ba shi ɗakin da ke kallon tsakar gida.

Da farko yana ƙoƙarin magana. Sai ranar da tsofaffin abokansa suka zo dubiya daga Bakura. Gaisuwarmu kuwa ba gajera ba ce, sai an bi gida da iyali da gajiya da jiki ɗaya bayan ɗaya. Baba ya buɗe baki zai amsa, kalmar ta fito a murɗe, miyau ya biyo ta. Ɗaya daga cikinsu ya kau da kai yana share ido, ya ce, "Allah sarki." Tun daga ranar Baba ya kulle bakinsa. Ya nuna da hannun hagu a sauke masa asabari, bai ƙara yarda wani baƙo ya gan shi ba.

Maƙwabcina, wani ma'aikacin asibiti mutumin Zuru, ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiya. Ya ce harshen nan in ba a motsa shi yanzu ba sandarewa zai yi, kuma in lokaci ya ja, da wuya maganar ta dawo. Hankalina ya tashi. Na kunna masa rediyo, na kawo masa labarin gona, har ƙarya na yi masa cewa ƙanena zai sayar da shanun huɗa, ko zai yi faɗa. Kallona kawai ya yi ya juya fuska bango.

Wata safiya uwargidana tana sheƙar shinkafa, tsaki ya zube, gwara suka sauko suna tsinta. Sai na ga gefen asabarin Baba ya ɗan ɗaga. Na ce a raina, to, tsohuwar gaba ta motsa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa da majajjawa da igiyar gwangwani yana korar tsuntsu ba zai iya kallon suna cin hatsi a gabansa ya yi shiru ba. Ko tsawa ce ya daka musu, ni dai in ji muryarsa. Washegari na kafa turmi a kife ƙarƙashin dalbejiya, daidai saitin ƙofarsa, na ɗora kasko cike da gero, na ajiye tasar ruwa a gefe.

Unguwa ta ɗauka. A garinmu in ka ga babban mutum yana zuba wa tsuntsaye gero, to malami ne ya ce ya yi sadaka don wata buƙata. Uwargida ta tsare ni da ido ta ce, "Kai, hwaɗa min gaskiya, mi kaka nema? Ko kansila za ka tsayawa ban sani ba?" Na yi dariya na ce ba komai. Amma buƙata kam ina da ita, tana kwance bayan asabari.

Baba bai yi tsawa ba. Ni kuwa da na ga tsuntsaye sun yi yawa, sai halin sana'a ya motsa. Na kafa zana nesa kaɗan, na huda ta daidai bakin kyamara, nakan zauna a baya da hantsi kafin in tafi shago. Nan na san cewa mutane sun shagwaɓa ni. Tsuntsu ba ya tsayawa ka ce ɗaga kai, kalli nan. Ka yi tari, kasko ya koma wayam. Gwara ba su iya ci sai da faɗa. Jan baki, waɗanda suka fi kowa cin shinkafar Baba, sai su zo a gayya kamar an aika musu goro. Hasbiya kuwa da jan idonta takan sauko da isa, kowa ya matsa mata.

Akwai wata kurciya da ba ta zuwa sai kowa ya watse. Ƙafarta ɗaya a nannaɗe take, babu yatsu, ina jin tarko ne ko zare ya cinye su. Takan dira a karkace, ta tokare da fiffike, ta daidaita, sannan ta ci abinta a natse. Na lura duk lokacin da ta sauka, asabarin Baba ya fi ɗagawa. Na lura, amma ban yi tunanin komai ba.

Rannan na dace da ita. Rana ta faɗo mata a wuya, ɗige-ɗigen nan suka fito tas, idonta yana ƙyalli. Na isa shago da ɗoki na zuba hoton a kwamfuta. Na yanke gefen turmin, na share kashin kaji da ya fito a ƙasa, na ɗan ƙara haske. Sai idona ya kai kan ƙafar. Kafin in yi shawara da kaina, hannuna ya riga ya kwafo lafiyayyar ƙafar ya manna a gurbin gurguwar. Ta tsaya cak da ƙafa biyu, kyakkyawa. Na wanke hoton babba, na ce wannan zai faranta wa tsoho rai.

Bayan la'asar na yi sallama na shiga, na durƙusa na miƙa masa. Ya karɓa da hagu, ya kawo shi kusa da ido. Ya daɗe yana kallo. Sai na ga leɓensa yana rawa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ba... ita... ta ba."

Murya ce dusasshiya, a murɗe, amma ta Baba ce. Na ce, "Ita ta, Baba. Kurciyar nan taka."

Ya buga hoton a cinyarsa, ransa a ɓace. "Ƙahwa," ya ce. Ya ja numfashi, ya sake tattaro ƙarfi. "Mai da mata... ƙahwa tata."

Na ce to. Na fita zaure na zauna a kan dakali, na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro. Murna ce ta fi yawa a ciki, sai kuma kunya. Ban bari gari ya waye ba sai da na koma shago na wanko hoton yadda kyamara ta ɗauko shi, da gurguwar ƙafa da komai. Wannan hoton ne Baba ya sa aka jingine masa a bango kusa da kansa.

Daga nan ƙofa ta buɗe, ko da yake a hankali. Kullum da yamma in kawo masa abin da na ɗauka, in kuma riƙa ɓata sunayen da gangan. In nuna bardo, da doguwar wutsiyarsa, in ce ga wata hasbiya. Sai ya harare ni, ya yi ta kokawa da harshe har ya ce, "Bardo na, wawa." Ban taɓa jin zagin da ya yi mini daɗi irin wannan ba. Maganar ba ta dawo duka ba, har yau wasu kalmomin suna maƙale masa, amma yana nemo su, ba ya barinsu.

Wata Juma'a da hantsi ina bayan zana sai na ji ƙwanƙwasar sanda. Uwargida ce ta riƙo Baba, yana jan ƙafa, sanye da farar rigarsa da hula. Tsuntsaye suka watse. Ta zaunar da shi a kujera ƙarƙashin dalbejiya, a fili, inda duk mai shigowa zai gan shi. Ya nuna kyamara, ya nuna ƙirjinsa.

"Ɗauke ni."

Na fito daga bayan zanar na durƙusa a gabansa. Ta cikin kyamara na ga karkataccen bakin, da idon da ya ɗan rufe, da hannun dama kwance a cinya. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Kak ka gyara komi."

Na ce, "Ba ni gyarawa, Baba."

Hoton farko ya fito dishi-dishi. Na ce ya yi haƙuri, sai na sake.

Ya gyara zaman hularsa da hagu, ya dube ni ido cikin ido.

"Sake," ya ce. "Ina nan."