Ɗan Kunnen Gwaggo

Ko yau in aka jiƙa tsamiya, maƙerar kakana nake tunawa. Da ruwanta yake wanke azurfa. Muna Illela ne, a shekarun da Nasara suka ja iyaka tsakaninmu da Ƙonni, ina yarinya.

Maƙerin fari ne shi. Yakan narka tsofaffin sulalla, ya zuba, ya daka, sai ga mundaye masu nauyi. Azurfa tana son wuta sosai, tana jure duka. Matan Fulani har daga Kalmalo suke zuwa, su sa hannu su auna nauyi kafin su dubi ado.

Zinariya kam ba aikin gidanmu ba ce. Masu ita sai can Gwanja. Fatake sun ce da ɗan bututu suke hura wuta da baki, kaɗan-kaɗan, kuma da zinariya ake liƙe zinariya. Kakana ya ji wannan duka. Amma fa mutum ne da bai iya cewa bai iya ba.

Ran nan da damina gwaggona, 'yarsa ta fari, ta shigo da abu a ƙulle a bakin zane. Ɗan kunnen zinariya ne, siririn aiki kamar saƙa, wanda mijinta ya kawo mata daga fatauci kafin ya rasu. Maratayin ne ya ɓalle.

“Baba, ko a jira masu aikin?”

“Mi za a jira? Ƙarfe dai ƙarfe na.”

Ya ɗora masa sinadarin liƙin azurfa, ya sa a gawayi, ya kama zuga-zugi yadda ya saba. Sau uku kacal ya zuga. Wallahi ina kallo saƙar ta lanƙwashe, ta dunƙule, ta koma ɗan ƙwallo kamar ƙwayar dawa, da fari-fari a jiki.

Gwaggo ta ce, “Ba komi, Baba.” Ta ƙulle abinta ta fita. Na ji tausayinta, shi ma na ji nasa.

Sati biyu ya yi yana ƙera mata na azurfa, kuma ban taɓa ganin ya yi aiki mai kyansa ba. Ta durƙusa ta karɓa, ta yi godiya.

Yanzu a kanti ake sayen ɗan kunne, in ya karye a yar, ba wanda ke tambayar hannun da ya yi shi. Da gwaggo ta rasu ni na buɗe kwallar kayanta. Na tarar da na azurfar a ƙasa, sun yi baƙi ƙirin, zaren da kakana ya ɗaure su da shi ko kwancewa ba a yi ba.