Mai Karyayyen Reshe

A kasuwar Punata wani ƙato yana tsaye gaban rumfar dashe, malafa sabuwa, gashin baki ya sha mai. Ya rungumo karyayyen reshen itacen marmari da ake kira durazno, 'ya'yan sun yi cincirindo, ɗanyu shar, ba su fi ƙwan tattabara ba.

"Doña Eulogia, ba ni maganin karyewar reshe," ya ce wa mai rumfar.

"Haba maigida, ai rage 'ya'yan ake yi tun suna ƙanana."

"In zubar da arzikina da hannuna?"

Ina jin matarsa ce ke ragewa a ɓoye, bana ta gaji ta tattara kayanta. Ya juya a fusace, 'ya'yan suna zuba. Ga shi can durƙushe cikin taɓo, yana cusa wa aljihu abin da ko alade ba ya ci.