Ranar da Na Gyara wa Ɗan Fari Burinsa

A makarantarmu ta sakandare a Dutsin-Ma akwai wata al'ada da ban san wanda ya ƙirƙiro ta ba. Idan 'yan aji shida suka gama jarrabawar fita, sai a sayi babban littafin rubutu mai bangon kwali, a zagaya da shi kowa ya rubuta burinsa da hannunsa, layi biyu ko uku. Ranar bikin yaye ɗalibai sai wanda ya fi kowa baki a ajin ya hau dandamali, ya kira mu ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi halin mutum a taƙaice, sannan ya karanta abin da ya rubuta a gaban iyaye. A shekararmu ko zaɓe ba a yi ba. Malamin Hausa ya shigo ya ajiye littafin a gabana ya ce, "Kai da bakinka bai hutawa, ga aikinka nan." Ban yi wani noƙe-noƙe ba, don ni ma na san babu wanda ya fi ni cancanta, kuma har yau ban canza ra'ayi ba.

Mu arba'in da 'yan kai ne, kuma na san kowa kamar yunwar cikina. Akwai wani ɗan Karofi da ke yin acaba da babur ɗin yayansa idan an tashi, kullum yana shigowa aji da warin fetur. Shi ya rubuta matuƙin jirgin sama. Wani ɗan Ɗantutture, wanda bai taɓa ganin ƙarshen darasin lissafi ido buɗe ba, ya rubuta likita, na ce a raina Allah ya kiyashe mu da allurarsa. Shugaban ɗalibai, wanda ya shekara yana sa mu tsallen kwaɗo a bakin ƙofa, ya rubuta soja, kuma babu wanda ya yi mamaki. Ni kuwa na cika rabin shafi, na ce zan zama ɗan jarida wanda za a riƙa jin muryarsa har Maraɗi. Yanzu ina koyarwa a Kurfi, muryata iyakarta ajin da ke maƙwabtaka da nawa.

Wanda na fi sani a cikinsu shi ne abokin zamana, wanda muka yi shekara shida a benci ɗaya. Daga wani ƙauye na bakin madatsar ruwa ta Zobe yake, yana zaune wurin gwaggonsa a cikin gari. Ba shi da magana. Idan na yi surutun awa ɗaya, nasa bai wuce "haka ne", kuma ina jin shi ya sa muka shaƙu, don bai taɓa katse ni ba. Duk ranar Litinin yana dawowa daga gida da abin taɓawa, ko tumatir ko busasshen kifi a ƙunshe cikin takarda, mu cinye a bayan ɗakin gwaje-gwaje. Lokacin da aka ba ajinmu lambun makaranta, shi ya tsara yadda ruwa zai bi ya zagaye kowane fangali, har malamin aikin gona ya tsuguna yana tambayarsa. Ina son yaron nan ƙwarai, ko da yake a lokacin da an ce in faɗa da na ce Allah ya sawwaƙe.

Shi ɗan fari ne, kuma gidansu irin gidajen nan ne da ba a wasa da kunyar ɗan fari. Mahaifinsa bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya zama inda yake, ba ya yi masa magana kai tsaye. Na taɓa gani da idona: tsohon ya kawo masa gero makaranta, ya wuce shi a bakin ƙofa kamar bai san shi ba, ya miƙa wa maigadi ƙullin ya ce, "A ba yaron nan." Duk abin da zai shiga tsakaninsu sai ya bi ta bakin wani.

Na kuma san maganar fadamarsu. Tsohon yana da wani yanki mai kyau a bakin ruwa inda yake noman rani, amma ƙarfinsa ya fara ja baya. Ƙaninsa ya daɗe yana cewa a bar masa wurin, tunda ɗan boko ba ya komawa gona. Tsohon ya ce a dakata yaron ya gama, a ji inda ya dosa. Idan tafiya zai yi, fadama ta koma hannun ƙanin. Abokina da kansa ya gaya mini wannan, kuma na saurara da rabin kunne kamar yadda na saba.

Da littafin ya dawo hannuna na buɗe shafinsa, sai na ga layi biyu da ɗan ƙaramin rubutunsa: "Burina noma. Zan koma gida in kama wa Baba, damina da rani." Na kalle shi na yi dariya, na ce, "Kai, shekara shida kana cin na ɗaya a kimiyya, sannan ka rubuta wannan?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka karanta shi yadda na rubuta. Baba zai taho." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa.

Ga yadda ƙwaƙwalwata ta yi aiki, kuma a lokacin na ɗauka ta yi aiki sosai. Za a gayyato manyan baƙi, har da malaman jami'a masu manyan riguna. Za a ji likita, a ji lauya, a ji matuƙin jirgi, a yi ta tafi. Sannan a zo kan wanda ya fi mu duka ƙoƙari a ce manomi, 'yan ƙananan aji su fashe da dariya a gaban mahaifinsa da ya sha hanya ya zo. Na ce ba da ni ba. Tunda Baba zai zo, ai sai a faranta wa Baba. Dukkanmu jikokin manoma ne, tuwon da ke cikinmu daga gona ya fito, amma a wannan dandamalin babu wanda ya taɓa jin an ambaci fartanya.

Ranar bikin an yi ruwa da asuba, gari ya yi luf. Na sa sabon yadi da takalmi sau-ciki na aro wanda ya matse mini yatsu. Na hango tsohon a can gefen rumfa, da farar riga wadda ninkinta bai baje ba, ƙaninsa da ya ɗauko shi a babur yana zaune kusa da shi. Da aka miƙo mini makirfo kuwa na yi abin da na iya. Na ce ɗan Karofi ya riga ya fara tashi sama tun a kan kwalta, na ce likitanmu na Ɗantutture zai ƙware a fannin barci. Iyaye suna ta dariya, shugaban makaranta yana share hawaye. Kaina ya kumbura.

Da na zo kan abokina sai na sassauta murya. Na faɗi natsuwarsa da ƙoƙarinsa, na ba da labarin lambu, duk gaskiya ne. Sannan na dubi littafin kamar mai karantawa, na ce, "Burinsa shi ne ya zama babban injiniya." Tafi ya tashi, daɗin tafin ya ɗebe ni, sai na ƙara da cewa, "A Abuja, ko ma a ƙasar waje!" Wuri ya kaure. Na dubi gefen rumfa ina jiran in ga baki har kunne. Tsohon bai tafa ba. Ƙaninsa ne ya sunkuya ya gaya masa wata magana, shi kuma ya gyaɗa kai. Kafin a fara raba kyaututtuka kujerunsu biyu babu kowa.

Bayan an tashi, ana ta ɗaukar hotuna da wayoyi, abokina ya same ni a gindin dalbejiya. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba. Ya ce, "Shekara ukku ina neman hanyar da zan hwaɗa mashi. Ba ni iya tsayawa gabanshi in ce, shi kuma bai iya tambayata. Na ce ran nan dai zai ji da kunnenshi, gaban mutane, gaban ƙanen nashi. Abu guda na roƙe ka." Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, ya juya ya tafi. Duk abin da ake buƙata in sani na san shi tuntuni, kawai dai na fi yarda da wayona.

Amma ni ba mai zama da ɓarna ba ne. Washegari da hantsi na karɓo littafin daga wurin malamin Hausa, na tsayar da matuƙin jirginmu na Karofi na ce ya kai ni Zobe. Ya kai ni kuwa, a guje, muna kauce wa kududdufai, ni ina rungume da littafin a cikin riga ina salati.

Mun sami tsohon a gonarsa ta tudu yana maimai, wato noma na biyu, gero ya kai gwiwa. Abokina yana can ɗaya ƙarshen gonar, ya riga ni isowa tun jiya. Na tsuguna na gaida tsohon, na ce, "Baba, ni ne na yi magana jiya a makaranta." Ya ce, "Na gane ka. Kai ne mai bakin nan." Na ce, "Baba, abin da na hwaɗi ƙarya ne. Ba shi ya rubuta ba, ni na ƙirƙira. Ga abin da ya rubuta da hannunshi." Na buɗe shafin na miƙa masa.

Ya goge hannu a rigarsa ya karɓa, ya daɗe yana kallon layukan biyu. Sannan ya miƙo mini ya ce, "Ni allo na sani, yaro. Karanta mani." Na karanta. Ya ce, "Sake." Na sake. Ya ce, "Jiya ma takardar ga ka duba ka karanta. Ta yaya zan san yau ba gyara ka yi ba?" Wannan tambayar ta shige ni. Na kira ɗan Karofi da ke jingine da babur, shi ma ya karanta, kalma bayan kalma, da yatsa a kan takarda.

Tsohon ya jingina fartanyarsa ya ce, "To. Waccan gaban mutane ka hwaɗe ta. Wagga ma sai gaban mutane." Ya ɗaga murya ya kira ƙaninsa daga gonar da ke gefe, ya kira wasu maƙwabta uku da ke aiki kusa. Suka zo da laka a ƙafafu suka tsaya. Babu makirfo, babu rumfa, babu mai tafi. Na tsaya a tsakiyar gero na ce ni ne na yi ƙarya jiya, sannan na karanta layukan nan biyu da duk muryar da Allah ya ba ni. Na yi jawabai da yawa a rayuwata, amma babu wanda na faɗa da kyau kamar wannan. Ƙanin ya saurara, ya sosa ƙeya, ya ce, "To, Yaya, ai shi ke nan. Allah ya sa albarka." Ya koma bakin aikinsa.

A lokacin abokina ya riga ya matso, yana tsaye kamar taku uku daga mahaifinsa, idonsa a ƙasa. Tsohon bai dube shi ba. Ni ya duba, ya ce, "Ka hwaɗa ma abokinka, in ruwa ya ja, fadama na jiran shi. Ya san inda injin ban-ruwa yake."

Na juya na faɗa masa, duk da ya ji komai da kunnensa. Ya ce, "Ka ce mashi na ji."

Na ce, "Baba, ya ce ya ji." Wannan karon ban ƙara ko wasali ba.

Tsohon ya ɗauki fartanya ya sunkuya, na lura wurin da ya riga ya nome yake sake nomewa, ya kuma ɗaga gefen rigarsa ya goge fuska sau biyu alhali rana ba ta yi zafi ba. Abokina ya je ya ɗauko tasa fartanyar daga can ƙarshen gonar, ya dawo ya kama layin geron da ke jikin na mahaifinsa. Babu wanda ya sake nemana. Na rufe littafin, na tsaya ina kallon bayansu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa har suka kai ƙarshen layi, suka juyo tare.