Kaki, Ba Miyau Ba

Innata ta rasu da tarin huka ina da shekara tara ko goma. Sau biyu aka duba ta da madubin likita, sau biyun aka ce ba a ga komai ba. Ban taɓa ganin laifin madubin ba. Abin da aka ba shi, shi ya duba.

Bayan girbi ne, an gama ɗaure gero. Babana ya tafi cin rani Najeriya, don haka kakana, mahaifinsa, shi ya ɗora ta a amalanken jaki daga ƙauyenmu na kwarin Badaguishiri zuwa gidan likita na cikin gari. Ni na riƙe butar ruwa. Duk tsawon hanyar ba ta yi tari da ƙarfi ba. Ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta kawai ke motsi. Mace ba ta kaki gaban surukinta. Haka muka tashi muka tarar.

Ɗakin awon ƙarami ne, warin alkol na goge kayan likita ya cika shi. Madubin na kan tebur bakin taga, baƙin ƙarfe mai lanƙwasasshen wuya. A gindinsa akwai ɗan madubi kamar na mata, da shi ake taro hasken rana a tura ciki. In hadari ya rufe sama, aiki ya tsaya. Mai awon baƙo ne daga nesa, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya miƙa wa Inna ɗan gwangwani mai murfi, ya ce, “Tofa a nan.”

Kakana na tsaye a bakin ƙofa. Inna ta juya baya, ta tofa miyau fari tas, ba ko sauti, ta rufe. Na gani da idona. Na kuma san abin da take fitarwa a gida da safe bayan ɗaki, mai kauri, da zaren jini, ta rufe shi da toka. Ban faɗa ba. Ban san da bambanci ba. An ce ta tofa, ta tofa.

Washegari haka aka sake. Aka ba mu maganin mura. Kakana ya yi hamdala, ya ce tunda ƙarfen Nasara bai ga komai ba, to sanyi ne. Inna ta kai farkon damina. Ranar da aka fita shuka aka kai ta makwancinta. Ƙanwata da take goyo ta bi ta kafin gero ya yi kai.

Shekara biyu bayan haka tarin ya kama ni. Kakana ya sake ɗaura wa jaki amalanke. Ɗakin nan ne, madubin nan ne, amma mutumin ya sake. Wani dattijo ne Ba'adare, ɗan ƙasarmu, mai furfura a gemu. Ya ba ni gwangwani, na tofa yadda na ga Inna ta yi. Ya buɗe, ya duba, ya mayar mini.

“Kai, wannan ai miyau ne. Ko jakinku yana da shi. Je bayan gini, ka ja numfashi sau uku, ka kwaƙulo na ƙirji. Ina son in jiyo ka daga nan.”

Kakana ya matso. “Malam, miyau ba ya yi?”

“Ba ya yi, Baba. Ciwon can ƙasa yake zaune. Kaki muke nema.”

Kakana ya dafa bango. Ya zauna a ƙasa.

Na kawo kakin. Dattijon ya shafa shi a kan siririn gilashi, ya gifta shi ta kan wutar fitila, ya zuba jan ruwa, ya wanke, ya zuba shuɗi. Da ya bushe ya sa a madubi, ya juya ɗan madubin ƙasan har ya kamo rana. Bai daɗe ba ya ɗago. Ya kira kakana ya ce ya rufe ido ɗaya ya leƙa. Ni ma na leƙa bayansa. Fili ne shuɗi, da 'yan jajayen tsinke a warwatse kamar guntayen zare.

“Wannan ne?” in ji kakana.

“Shi ne.”

“Ni na tsaya mata a ƙofa,” ya ce. Dattijon bai gane ba. Ni na gane.

Na sha allura wata da watanni. Ta kashe ciwon, ta tafi da kunnena na hagu. Kakana shi ke kai ni kullum, har jakin ya san hanya. Bai sake ambaton maganar ba har ya koma ga Allah, amma daga ranar, in wata surukarsa ta fara tari, sai ya ɗauki buzunsa ya bar gidan.

Bara matar ɗana ta kwana biyu tana tari, tana ramewa. Mijinta direba ne, yana hanya. Ni na kai ta gidan likita. Yanzu ba mai jiran rana. Akwati ne mai aiki da lantarki, a zuba abin a wani ɗan ƙoƙo a tura ciki, kafin la'asar takarda ta fito. Ban yi lakwal ba, wato boko, ban san yadda yake gani ba. Na tambayi yarinyar da ke aikin abu ɗaya: me ake ba shi? Ta ce kaki.

Na dubi matar ɗana, abin da ban saba ba. Na ce, “Ɗiyata, na ƙirji za ki ba su, ba miyau ba. Kunya ta kashe mini uwa. Ni zan tafi.”

Na fita har bakin titi, na zauna gindin itacen bedi, na juya kurman kunnena wajen ginin.

An samu ciwon. Ta gama shan magani watan jiya, ta koma daka. Ni ina ƙauye, ina ban ruwan albasa a kwari, da kunne ɗaya da numfashin da ya rage.