Idon Ƙarfen Sitti Nabawiyya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran kakata, Sitti Nabawiyya, a gidanmu na Gurna.

Sitti, kin san ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuta.

A unguwarmu babu jaririn da bai kwana bakwai da idonki a ƙarƙashin matashinsa ba, ɗan baƙin ƙarfen nan mai siffar ido da gira, wanda kakanmu ya tsinta yana haƙa tushen ɗaki. Da kin ji an haihu sai ki ƙulle shi a bakin mayafi, ki ɗauki gurasa mai zafi, ki tafi. Ranar suna ki karɓo abinki. In liman ya yi miki faɗa, ki ce Allah ne mai tsarewa, ƙarfen dai yana sa mai jego ta samu barci.

Ni ce na faɗa wa malaminmu na tarihi labarin ƙarfen. Ya nuna mana irinsa a littafi, ya ce a zamanin Fir'aunoni ƙarfe ya fi zinariya wuyar samu, ni kuma ina son ko sau ɗaya in ɗaga hannu a aji. Bayan mako biyu ma'aikatan gwamnati suka zo da takarda, suka tafi da shi gidan tarihi a ƙetaren kogi. Kika ba su shayi. Ba ki tambayi wanda ya faɗa ba, ni ma na yi shiru.

Da jikinki ya fara rauni kika ce, "Rawiya, ƙetarar da ni in gaishe shi mana. An ce sun zaunar da shi a gilashi kamar ango." Na ce sai na gama jarrabawa. Tsoro nake ji mu tsaya a gabansa ki dube ni. Kika yi dariya, kika ce, "To, malama. Ki dai ci gaba da ɗaga hannun nan a aji, yana yi miki kyau."

Sai da aka fita da ke zuwa makabarta na gane maganar. Ashe kin sani.

Jiya na shiga jirgin ruwa ni kaɗai, na ƙetare zuwa gidan tarihin. Ƙarfen yana nan. An rubuta shekarunsa, ba a rubuta sunanki ba. A gabansa na ce ki yafe mini, da ƙarfi, har mai gadi ya waiwayo.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya tsare ki yadda kika so tsare 'ya'yan mutane. Ina yi wa babana ta'aziyya, da gwaggona Bakhita, da duk matan da kika taɓa ƙwanƙwasa wa ƙofa da gurasa a hannu. Allah ya ba mu haƙuri.