Kwamfuta a Cikin Zanen Atamfa

A wani shagon gyara a unguwar Liman Abaji da ke Keffi, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare yana warware atamfar da ya naɗo kwamfutarsa. Da ita yake cike wa 'yan kasuwa takardun haraji, tun kafin Abuja ta matso Keffi.

"Baba, lafiyarta ƙalau," in ji mai gyara. "Manhajar harajin ce ta daina aiki a kan tsohuwa irinta."

"To, gyara ta mana."

"Ai babu abin da ya lalace."

Ni da nake tsaye a gefe, ina zaton 'yan kasuwar za su koma wurin samari masu sababbin kwamfutoci. Shi kuwa dattijon yana sake naɗe tasa a hankali, yana ƙulla zanen sosai, saboda an fara yayyafi.