Shekarar da Na Raba Fuskata Biyu

Ƙuraje sun fito mini ina da shekara goma sha shida ko kusa da haka, lokacin Faransa ba ta tafi ba, kumandan, Baturen mulki, na nan zaune a garinmu Filinge. Ni da kakata muke zaune, wadda ta haifi uwata. Uwar tawa ta rasu ina goye, ubana ya bi fatake kudu bai waiwayo ba. Gona ɗaya muke da ita, kawuna ke noma mana, kuma abin da take bayarwa ba ya kai mu tsakiyar rani. Fura ce ke riƙe da gidan. Kakata ta daka ta kirɓa, ni in cura in jera a ƙwarya, ranar kasuwa in ɗauka in je in zauna ƙarƙashin wani gawo kusa da wata Bafulatana mai nono. Wanda ya sayi fura wurina zai sayi nono wurinta, ita ta dama masa. Mai fura ba ta da ciniki sai da mai nono a gefenta, haka ita ma.

Fuskata mai maiƙo ce tun asali. Kafin hantsi ya ɗaga goshina ya fara ƙyalli, in na shafa hannu sai ka ce cokalin miya na taɓa. Da bazara ta shigo sai ƙuraje suka feso, manya masu farin baki, daga goshi har haɓa. Da a wata shekara ce da ba wanda zai kula. Amma ba a daɗe ba da agana ta ratsa ƙauyukan Kurfai, ta kashe na kashewa, ta bar wa sauran zanzana. Mutane na ganin ƙurji a fuska sai gabansu ya faɗi. Masu sayen furata suka fara ratsewa ta bayan gawon kamar ba su gan ni ba. Wani dattijo da ya shekara yana saye wurina ya miƙo hannu, ya dube ni, ya janye hannun ya ce yau azumi yake yi. Can anjima na hango shi yana shan furar wata.

Haushi ya kai ni gidan likita. Malamin da ke duba mutane ya ce in buɗe dantse, ya ga tabon lambar da aka yi mini, ya yi dariya ya ce wannan ba agana ba ce, ƙurajen tasowa ne, in tafi gida. Na ce to ya zo kasuwa ya faɗa. Ya ce shi ba sankira ba ne. Na fito ina zaginsa a raina har bakin hanya.

Bafulatanar nan ta yi haƙuri da ni kasuwa uku. A ta huɗu, da ta ga tana mayar da nono gida rabi da rabi, sai ta faɗa mini a fili. Ta ce tana jin nauyin kakata, amma ita ma 'ya'ya gare ta. Za ta zauna da ni har a fara yankan gero. In fuskar ba ta gyaru ba, za ta koma gefen wata mai fura da ta daɗe tana zawarcinta. Ban yi kuka ba. Na ce mata ta ajiye mini wurina, fuskar nan sai ta gyaru ko tana so ko ba ta so.

Daga nan na shiga gwaje-gwaje. Duk tsohuwar da ta tare ni a bakin rijiya da maganinta. Na kwaɓa toka na shafa. Na jiƙa kanwa na wanke fuska, ta ƙone ni har fata ta saɓule a gefen hanci. Na yi lalle, na fito ja kamar tukunyar da ba a ƙona sosai ba. Wata ta ce jar ƙasar bakin dutse, na hau na ɗebo. Araha dai kam, ba abin da na biya sai wahala, kuma ba abin da na samu.

Duk abin da na shafa da rana, da safe akwai man shanu. Wannan ba magani ba ne a wurin kakata, farilla ce. Tun ina jinjira, kowace safiya bayan salla za ta zauna a bakin ɗaki, ta sa ni tsakanin gwiwoyinta, ta lakato man shanu daga tandu, ta murza a tafin hannu har ya narke, sannan ta bi fuskata da shi, goshi, kumatu, bayan kunne. Na yi girma har nauyina ya fi nata, ba ta fasa ba. A garinmu yaro mai busasshiyar fuska yaro ne da ba shi da kowa. Kakata ta rantse ba za a taɓa duban fuskata a gane marainiya ce ba. Da ƙuraje suka zo sai ta ce bushewa ce ta kawo su, ta ƙara yawan man. Ni ma haka na ɗauka, don kowa haka ya sani.

Akwai matar wani akawun kumandan, mutuniyar bakin teku, fuskarta sumul ba ko ɗigo. 'Yan mata suka ce wani mai take shafawa da ake kawo mata daga kantin Turawa a Yamai. Na wanke zanena na je na yi sallama. Hausarta kaɗan ce, amma mun fahimci juna: in cika mata randuna safe da yamma wata guda, ta ba ni kwalba ɗaya. Wata guda cif na yi ina jan guga a zafin bazara, tafin hannuna ya yi kanta, wuyana ya sage. Ranar ƙarshe ta miƙo mini kwalbar. Fara ce, murfinta ruwan zinariya, da rubutun Faransanci da hoton fure. Ƙamshinta kuwa har cikin kai. Kakata ta shinshina ta ce wannan ai sai a zuba a kunu.

Kwana goma ina shafawa, na yi ta leƙa ɗan fasasshen madubinmu ina jiran abin mamaki. Abin mamakin ya zo. Ƙurajen suka ninka, suka haɗe, har inda ba su taɓa fitowa ba suka fito. A kasuwar makon nan wani yaro ya nuna ni da yatsa uwarsa ta fizge shi. Na dawo gida na ɗauki kwalbar zan rotsa da turmi, sai na tuna randunan da na cika, na ajiye. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san wa zan zarga ba. Man kwalba na shafa, man shanu na shafa, sauran kanwa na nan, duk a fuska ɗaya.

Ana cikin haka ruwa ya sauka. Na kai wa kawuna abinci gona na tarar yana shuka gero iri biyu, namu na gida da wani da ya samo a kasuwar Baleyara. Bai gauraya su ba. Layi ɗaya wannan, layi ɗaya wancan, ya kafa kara a tsakani. Na tambaye shi dalili, ya ce in ya gauraya, ranar girbi wa zai gode wa, wa zai zaga? Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, sai iri ya nuna halinsa. Na tsaya da ƙwarya a ka ina kallon karan nan har ya ce in ajiye abincin mana.

Washegari na ce wa kakata daga yau kumatun hagu kaɗai za ta shafa wa man shanu, dama na man kwalba ne, hanci shi ne iyaka. Ta yi dariya har da tari. Ta ce ta ga masu rabon gado, ba ta taɓa ganin mai rabon fuska ba. Amma ta yi, tana yi tana tsokanata, wai kada Bafaranshe ya tsallako mata gona. Na daina komai ban da waɗannan biyu.

Mako biyu aka yi, ba wanda ya ci wani. Hagu ta lalace, dama ta lalace, iri ɗaya sak. Na lakato man kwalba a yatsa ɗaya, man shanu a ɗaya, na fita rana na tsaya. Duka suka narke suka gangaro. A nan na gane wata guda na yi ina jan ruwa don in sayi man shanu mai turare. Matar akawu fatarta busasshiya ce, man ya yi mata daidai. Ni fuskata da ma tana tatso nata man, kowa kuma sai ƙara mata yake yi.

Sai na canja gwaji. Hagu ta ci gaba da shan man kakata. Dama kuwa ba mai ko kaɗan, sai sabulun salo da ruwa mai tsabta, safe da yamma, da wani tsumma da na ware mata ita kaɗai. Na kuma hana hannuna matsa, wanda ya fi komai wuya. Haka na riƙa fita, rabi na ƙyalli rabi fari fat kamar na faɗa cikin garin gero. Filinge ta samu abin dariya. 'Yan mata suka sa mini suna, samari suka ce wanne ɓangaren za a gaisar. Na ce su gaisar da wanda ya yi kama da iyayensu. Kunya na ji, ba zan ɓoye ba, amma taurin kaina ya fi kunyar yawa.

Mako na farko ba bambanci. Na biyu ma haka, har zuciyata ta fara karaya. A na uku sababbin ƙuraje suka rage fitowa a dama. Kafin gero ya fitar da kai, mai ido ɗaya ma zai gani: dama ta lafa, sai baƙaƙen tabo, hagu kuwa tana nan tana tafasa. Bafulatanar ta kama haɓata ta juya ni nan da can, ta ce in mayar da hagu kamar dama, in yi sauri.

Ita ma kakata ta gani. Ita ce ke riƙe da fuskar kowace safiya, ta riga kowa gani. Tsokanar ta daina, ni kuma na yi kwana uku ina juya maganar a baki. A rana ta huɗu ta zauna a bakin ɗaki, ta murza man a hannu, ta buɗe gwiwoyi. Ban zauna ba.

Na ce, "Inna, a bar man ga."

Ta ce, "Rabin ma?"

"Rabin ma. Shi ka ɓata min huska."

Ta dubi tafin hannunta. "Shekara goma sha shidda ina ɓata miki huska ke nan."

Na ce ba haka nake nufi ba. Ta ce ta san abin da nake nufi. Sannan ta ce, "In kin hita haka, cewa za a yi ɗiyata ta mutu na bar ɗiyatta ta bushe."

Na ce, "Su ce. In mai nono ta tashi, mi za mu ci?"

Na ɗauki tulu na fita na bar ta zaune, man na ɗiga ta tsakanin yatsunta. Har rijiya ina jin kamar in koma in durƙusa in ce ta shafa. Ban koma ba.

Abin da ta ji tsoro kuwa ya faru. A wani taron suna wata mata ta ce, kakata na ji, wai tsufa ya sa an fara yi wa marainiya rowar man shanu. Kakata mai baki ce, ba a taɓa faɗa mata ɗaya ba ta mayar da biyu ba. Ran nan sai kawai ta tashi ta dawo gida. Ni na je washegari har ƙofar matar na wanke ta tas, amma wannan bai mayar da komai ba. Da safe kakata ta daina zama a bakin ɗaki, daga salla sai turmi.

Hagu ta bi sawun dama a hankali. Ba ta yi sumul ba, tabon wasu yana nan har yau da nake tsohuwa, kuma lokaci lokaci ɗaya ko biyu kan leƙo. Amma fuska ta koma fuskar da ake iya kallo a sha fura. Masu saye suka fara dawowa ɗaya ɗaya, ba wanda ya ba da haƙuri, ni ma ban nema ba. Aka fara yankan gero, Bafulatanar ba ta ce uffan ba game da tashi, sai ma ta ce in gaya wa kakata ta ƙara yawan furar.

Kasuwar da ta biyo baya, kafin la'asar ƙwaryata ta ƙare ƙarƙaf. Na dawo gida kusan da gudu, na kife ta a gaban kakata don ta gani da idonta. Tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi ƙwaryar, ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce in matso, ta ɗaga hannu zuwa kumatuna.

Ban san lokacin da na kauce ba. Jikina ne ya yi, kafin in yi tunani.

Hannun ya tsaya a sama. Ta juya shi ta buɗe mini tafin, sai ɗan garin gero a jikin yatsu.

Ta ce, "Babu komi. Duba."

Na durƙusa da sauri na kai mata fuskar. Amma ta riga ta mayar da hannun kan rariya. Ta ce in tashi in surfa gero, tun da mai nono ta ce a ƙara.